Yaushe Littafin Zai Fito?

Mu dai a unguwarmu ba a rubuta littafi a ɓoye. Kana iya ɓoye ciwo, kana iya ɓoye bashi, neman aure ma wasu kan rufe shi sai an kai kuɗin gaisuwa, amma rubutu ba ya rufuwa. Da an ga saurayi ya rage zaman majalisa, ko an ga yarinya ta duƙufa a kan waya tana ta dannawa, ba dariya ba hira, to kafin la'asar mai shayi ya ji, matan da ke layin injin markaɗe sun ji, yaran da ke komawa Islamiyya ma sun ɗauka sun kai gaba. Daga ranar kuma sunan mutum ya canja. Ko shafi goma bai cika ba, mun riga mun naɗa shi: "Marubuci, ina gajiya?" "Marubuciya, yaushe littafin zai fito?"

Bana kuwa Allah ya yi mana arziki, littattafai uku muke dako, kuma duka ukun masu su ba su taɓa fitar da ko ɗaya ba. Akwai na wata 'yar maƙwabtanmu da ke koyon aikin jinya, labarin wata uwa da aka saka da yara ƙanana, ta koma gidan wanta tana sayar da awara a zaure. Ita ta waya za ta saki nata, shafi-shafi, bayan ƙaramar Sallah. Akwai na wani malamin sakandare da ke haya a bayan masallaci, labarin bincike ne a kan masu ƙwacen waya, abin da ya daɗe yana ci wa Kanawa tuwo a ƙwarya. Shi ya rantse sai a takarda, mai bango, wanda za a riƙe a hannu. Na ukun shi ne wanda ya fi tayar da ƙura: na Goggo, dattijuwar da ta koyi boko da girmanta a ajin yaƙi da jahilci tun zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda ashe shekara da shekaru tana cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da labarin wata yarinya da aka aurar tun ba ta san wanke tukunya ba. Jikarta ce ta gano su a ƙasan adaka tana neman wani zane.

Abu na farko da ke fita daga bakinmu idan muka ji labari irin wannan ba "Allah ya sanya alheri" ba ne, wannan yakan biyo baya. Na farko shi ne: "Da ni a ciki?"

Na ga wannan da idona a ƙofar gidan su 'yar jinyar nan. Ta fito da farin hijabinta za ta tafi asibitin da suke koyon aiki, sai wata Hajiya ta tsallako kwata ta tare ta, ta riƙo gefen hijabin, ta sassauta murya.

"'Yar nan, zo mana. An ce mai awara kika rubuta."

"Eh, Hajiya."

"To ita matar wan nata da aka ce tana kulle buhun shinkafa a ɗaki, wace ce?"

"Wallahi Hajiya ba kowa ba ce. Ƙirƙira ce kawai."

"Uhm. To ki dai sani, ni lokacin da ƙanwar Alhaji ta zauna a wurinmu, ban taɓa kulle mata komai ba. Ɓeraye ne suka dame mu."

Yarinyar ba ta ma taɓa sanin ƙanwar Alhaji ta zauna a gidan ba, don ba a haife ta ba a lokacin. Washegari sai ga kwanon dambu an aiko wa marubuciya. Mun yi dariya, amma ni abin ya daɗe a raina. Idan har labarin da yarinya ta zauna ta ƙaga daga kanta zai sa babbar mace ta tsallako kwata don ta wanke kanta, to yarinyar ta taɓo wani abu na gaskiya da ke cikin gidajenmu, wanda duk mun san shi, ba ma dai faɗa ne. Ai haka aka yi da Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, ta dawo ta nemi ilimi, ta fara da Budurwar Zuciya a 1987, sannan a 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya. Mata nawa ne a Kano suka karanta suka ce da su ake? Labarin nan na tsakar gidanmu sai da ya kai Indiya, aka buga fassararsa ta Turanci a can a 2012.

Bayan masu tsoron a sa su a littafi kuma, ga masu roƙon a sa su. Malamin sakandaren nan ya ce shan shayi ya gagare shi cikin kwanciyar hankali. Da ya zauna a benci, mai shayi zai turo masa kofi ya ce, "Malam, in dai labarin 'yan ƙwace kake nema, ai ni za ka tambaya. Nan gaban teburin nan aka yi komai." Ɗan adaidaita sahu zai karɓe da nasa, tsohon ɗan sintiri ya ce duk ƙarya suke, shi ya san lungunan da ake bi. Malam ya ce da farko abin yana gundurar sa, daga baya ya fara zuwa da ƙaramin littafi a aljihu. Yadda ake sauya wa wayar sata hannu sau uku kafin gari ya waye, da irin kalmomin da yaran ke kiran junansu da su, duk a bencin nan ya tsince su. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba kowa ne ke murna ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A majalisar dattawa da ke ƙofar masallaci, wani tsoho mai yawan tsantseni ya ce shi bai ga abin ɗoki ba, ƙarya ce ake tsarawa a sayar, kuma irin littattafan nan ne suka buɗe wa 'yan mata ido. Maganar tasa ba sabuwa ba ce a garin nan. A 2007 har ƙona littattafan hikaya aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma marubuta sun sha kai ruwa rana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha. Wanda ya amsa masa shi ne Kawu, tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya, mutumin da in ya gyara zaman hularsa kowa ya san darasi zai fara.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Kawu, "ka karanta Ruwan Bagaja a makaranta ko ba ka karanta ba?"

"Wannan ai daban ne. Wannan na manya ne."

"To mai shi shekararsa 22 lokacin da ya rubuta, kuma shi ne na farinsa."

Daga nan Kawu ya warware mana zare. A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar fassara a Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausar boko, ya bi malamai yana lallashin su su gwada, don a lokacin malami bai saba ɗaukar alƙalami ya rubuta abin da bai faru ba. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai kuma Jiki Magayi da John Tafida ya yi tare da East ɗin. "Dukansu sababbin hannu ne," in ji Kawu. "Ba wanda ya san ɗaya zai riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, ɗaya kuma zai zama Firayim Minista. Da maƙwabtansu sun ce musu ƙarya suke tsarawa su bari, me za mu ba yara su karanta yau?" Tsohon bai ce ya yarda ba, ya dai ja carbinsa ya ce shi a kawo masa na malamin sakandaren ya gani tukuna. Kuma ina ganin ya yi daidai da ya nemi ya gani, don akwai rubuce-rubucen da ke yawo a waya yanzu waɗanda ko ni ba zan so ƙanwata ta buɗe ba. Sai dai ba a hukunta littafin da bai fito ba da laifin wani.

A cikin gida kuwa tarihin da ake bayarwa daban ne, kuma ya fi na Kawu armashi. Iyayenmu mata da yayyenmu su suka raini abin da masana suka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. Suna tuna So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko da mace ta fitar a ƙagaggun labaran Hausa. Suna tuna yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe gari a farkon shekarun 1990, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. Yayata takan ba da labarin yadda ake aiken ƙane shagon haya ya karɓo na ɗaya, a karanta shi da fitilar ƙwai bayan an gama wanke-wanke, a kai ƙarshe a tarar marubuciya ta yanke labari daidai inda zuciya ta tsinke, ta ce a tara a na biyu. Daga nan sai jira. Duk wanda zai shiga kasuwar Sabon Gari ko Kurmi sai an ba shi saƙo ya duba ko ya fito. Jiran littafi dai gadonmu ne, ba yau muka fara ba.

Amma ga inda nake da magana da mu, kuma da gaske nake. Duk ɗokin nan, duk "yaushe zai fito" ɗin nan, ranar da littafin ya fito kalma biyu ce ke biyo baya: "Ina nawa?"

Ba ma jin nauyin faɗar ta. Mutumin da ba zai taɓa shiga shagon maƙwabcinsa ya ɗauki gwangwanin madara ya ce "ina nawa" ba, shi ne zai miƙa hannu a ba shi littafi kyauta, har da cewa a sa masa hannu a shafin farko. A ganinmu karramawa ce muka yi wa marubuci da muka nemi littafinsa. Ga ɗan'uwa, ga abokin makaranta, ga surukai, ga mai unguwa, ga liman, ga wanda ya taɓa ba ka aron biro. Malamin sakandaren nan ya zaunar da ni ya nuna mini lissafinsa a bayan wata takardar jarrabawa. Babu kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, kamar yadda yawancin marubutanmu tun shekarun 1980 da kuɗin aljihunsu suke bugawa. Shi zai biya mai buga rubutu a kwamfuta, shi zai biya mai zanen bango, shi zai sayi takarda, wadda daga waje ake shigo da yawancinta, farashinta kuma yana bin dala, shi zai biya maɗaba'a a Fagge, sannan ya ɗauki kaya a adaidaita ya kai wa 'yan kasuwa, su karɓa bashi, sai sun sayar su biya. Babur ɗinsa ya sayar don wannan. Ya ja layi a ƙasan lissafin ya ce, "Yaya, in na raba kashi ɗaya cikin huɗu kyauta, uwar kuɗin ma ba za ta dawo ba. Kuma ka san waɗanda zan raba wa, su ne waɗanda suka fi kowa tambayata yaushe zai fito."

Shi ya sa garin nan ya cika da masu littafi ɗaya. Ku duba, kowace unguwa akwai wani da aka taɓa kira marubuci, ya yi na fari, aka yi taron ƙaddamarwa, manyan baƙi suka yi alkawarin kuɗi a lasifika, wasu suka cika wasu suka manta, sauran kwafen suna nan a kwali a ƙarƙashin gado, gara na ci. In ka tambaye shi na biyu sai ya ce hidima ta yi yawa. Ba basira ce ta ƙare masa ba.

Za ka ce to ai waya ta kawo sauƙi, kuma ta kawo. 'Yar jinyar nan ba ta buƙatar takarda ko maɗaba'a. Za ta buɗe zaure a WhatsApp, ta saki shafukan farko kyauta don a ɗanɗana, in labari ya kama mutum sai ya tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ya aika shaidar biya, a sa shi a zauren masu biya. Wasu suna ɗora nasu a Wattpad, wasu a ba masu karantawa da murya a YouTube, don matan da hannunsu ke cikin aiki su saurara. Har layi daban marubutan kan ware wa mutanen Nijar, masu biya da sefa daga Maraɗi da Damagaram, kuma marubuta da dama suna yabon su da cika alkawari. To amma halin namu ya biyo mu har cikin wayar. Mace ɗaya za ta biya, kafin marubuciya ta ajiye waya shafin ya shiga zaure biyar: na dangi, na 'yan ajinmu, na matan unguwa. Mai turawar ba ta ɗauki abin sata ba, a wurinta zumunci ne, ta ji daɗi tana so 'yar'uwarta ma ta ji. Shi ya sa za ka ga marubutan suna buɗe kowane shafi da roƙo da magiya, wasu har da Allah ya isa. Yarinyar nan da daddare take rubutu, bayan ta wuni a tsaye a kan marasa lafiya, da babban yatsa, a wayar da gilashinta ya tsage, tana lissafin caji saboda wuta. Wanda ya ga wannan ba zai iya tura shafinta kyauta hankalinsa kwance ba.

Akwai kuma wani taimakon da ba na kuɗi ba, wanda shi ma muke ƙwauronsa: mu karanta kafin ya fito, mu faɗi gaskiya. Mutanen 1933 suna da East a kansu yana gyara, na 1980 suna da editocin NNPC. Yaranmu na yau ba su da kowa sai masu cewa "ya yi daɗi, a ƙaro." Gasa tana ɗan toshe wannan giɓin. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta sa 'yan mata da yawa sun san cewa akwai alƙalai da za su auna rubutunsu, kuma labarin da ya fara cin ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira ne, abin da ya nuna wa masu cewa matanmu soyayya kaɗai suka iya cewa ba haka ba ne. Amma gajeren labari ne, sau ɗaya a shekara. Sauran aikin na unguwa ne. A nan dole in yaba wa Kawu. Ya karɓi rubutun Malam ya zauna da jan biro, ya bi shi layi-layi. Ya mayar masa da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ duk inda kwamfuta ta cinye, ya raba masa kalmomin da ya haɗe, sannan ya soke masa babi guda cur, wanda jami'in binciken ya tsaya yana wa ɓarawo wa'azi shafi shida. "Ɗana," ya ce masa, "mai karatu ya riga ya san sata haramun ce. Abin da bai sani ba shi ne me ya sa yaron nan ya fita da wuƙa alhali uwarsa tana jiransa da tuwo. Wannan za ka nuna masa." Malam ya yi kwana biyu ba ya gaishe shi da sakin fuska, a na uku ya koma da sabon babi.

Na Goggo kuwa ba wanda ya isa ya sa masa jan biro. Jikar tana karanta mata daga littattafan rubutun tana bugawa a waya, in ta sauya kalma ɗaya Goggo za ta ɗaga hannu: "Ba haka na ce ba. Mayar." Hausarta irin ta da ce, mai sunayen kwanuka da tufafi da kayan ɗaki da yaran yanzu ba su taɓa ji ba, har jikar kan tsaya ta tambayi mene ne wannan, Goggo ta kwatanta mata da hannu. 'Ya'yanta maza sun so ta bari, suna ganin kamar tonon asirin gida ne, tunda kowa ya san yarinyar da ke cikin labarin ba daga sama ta faɗo ba. Ta ce musu waɗanda za su ji kunya duk sun riga mu gidan gaskiya, ta yafe musu tuntuni, amma jikokinta mata sai sun san hanyar da aka biyo. Tun daga nan unguwa ke jiran littafin nan kamar haihuwar fari, kowa da ranar da yake hasashe.

Matan unguwa su suka fara yin abin da ya kamata, ba tare da wani taro ba. A adashin da suke zubawa duk Juma'a, suka yarda kwasar wata mai zuwa ta Goggo ce, a kai maɗaba'a. Hajiyar nan mai ɓeraye ita ta fara kawo shawarar, ta kuma ce duk wadda ta tura shafin 'yar jinya zauren dangi ba tare da ta biya ba, ita da kanta za ta je gidanta. Da labari ya iso majalisar maza, kunya ta kama mu. Mai shayi ya yago bangon kwalin madara, ya rataye a jikin teburinsa da igiya, ya rubuta a sama: masu littafin Malam. In ka biya a rubuta sunanka, in littafi ya fito ka karɓa a nan. Ɗan adaidaita ya biya kuɗin guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na matarsa. Tsohon ɗan sintiri ya ce shi ai da shi a ciki, bai kamata ya biya ba, mai shayi ya ce masa to shi ya fi kowa cancantar biya, tunda shi za a karanta.

Shekaranjiya bayan Magariba sai ga tsohon nan mai tsantseni ya tsaya a gaban teburin, ya daɗe yana duba sunayen, sannan ya zura hannu a aljihun gaba.

"Nawa ne?"

Mai shayi ya faɗa masa.

"Kai! Har ya kai haka?"

"Takarda ce ta yi tsada, Baba."

"To rubuta ni. Amma ka gaya wa Malam, in na ga abin da bai dace ba, har gida zan same shi."

"Zai ji, Baba. Da wane suna zan rubuta?"